Yadda Za Ka Raba Gaɓoɓin Kalmar Sifaniyanci, Ka Kuma Gane Inda Ake Danna Murya

Sunayen 'yan wasan La Liga sun shiga bakin Hausawa tun kafin yawancinmu mu san komai game da harshen da suka fito daga cikinsa. A gidajen kallon ƙwallo ana kiran González da Martínez da Raúl, ana musu a kan filin Bernabéu, amma da wuya ka ga wanda ya tsaya ya tambayi aikin ɗan karan nan da ke tsaye a kan wasali ɗaya a kowanne suna. Masu harshen suna kiransa tilde, kuma aikinsa shi ne ya nuna wa mai karatu gaɓar da zai danna wa murya. Wanda ya san dokarsa zai iya ɗaukar jaridar Madrid ko ta Bogotá, ya ci karo da kalmar da bai taɓa ji ba, ya furta ta daidai tun karon farko.

Wannan gata ne da rubutun Hausa bai ba mu ba. Muna rubuta "gari" ko muna nufin inda mutane ke zaune ko muna nufin abin da ake tuƙa tuwo da shi, sai jimla ta raba gardama, domin ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutunmu na yau da kullum. Sifaniyanci ba shi da karin sauti irin namu, kuma tsawon wasali ba ya canza ma'ana a cikinsa. Abin da yake da shi shi ne gaɓa ɗaya a kowace kalma da ta fi 'yan'uwanta fitowa fili, kuma matsar da ita yana canza zance: pago "ina biya" ne, pagó kuma "ya biya". A nan zan riƙa kiran wannan ƙarfi danni, in rubuta gaɓar da ke ɗauke da shi da manyan haruffa.

Dokar danni gajeriya ce, ana iya haddace ta a zama ɗaya. Sai dai duk ta dogara ne da ƙidayar gaɓoɓi daga ƙarshen kalma, saboda haka wanda ya yi kuskure a ƙidaya ya riga ya faɗi kafin ya iso ga dokar. Shi ya sa za mu fara da rabo.

Mataki na farko: nemo wasulan da ake ji

Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma furucinsu ya yi kusa da namu ƙwarai. Kowace gaɓa tana da wasali a tsakiyarta. Kafin ka fara yanka kalma, ka tace abin da ake ji daga abin da ido kawai ke gani.

Harafin h ba a furta shi ko kaɗan: ahora (yanzu) a-O-ra ake cewa, ko da yake a rubuce ana raba ta a-ho-ra. Harafin u shi ma shiru yake a cikin que, qui, gue, gui, don haka queso (cuku) gaɓa biyu ce, QUE-so, ana furta ta "keso", guerra (yaƙi) ma haka. Idan ana son a ji wannan u ɗin sai a ɗora masa ɗigo biyu, kamar a vergüenza (kunya). Ɗigo biyun nan ba ruwansu da danni, haka ma 'yar igiyar da ke kan ñ.

Akwai kuma haruffa uku masu tagwayen siffa da sauti ɗaya, ch, ll, rr. Kamar yadda ba za ka raba "sh" ko "ts" a Hausa ba, su ma ba a raba su: mu-CHA-cho (yaro), CA-lle (titi), PE-rro (kare). Amma cc da nn sauti biyu ne, ana raba su: ac-CIÓN, in-no-VAR. Shi kuma y, in ya zo gaban wasali baƙi ne, kamar a PLA-ya (bakin teku); in ya zo a ƙarshen kalma sai ya yi sautin i, kamar a rey (sarki).

Mataki na biyu: baƙaƙen da ke tsakanin wasula

Idan baƙi ɗaya ne tsakanin wasula biyu, na gaba yake bi: CA-sa (gida), a-MI-go (aboki), Gra-NA-da. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, haka tamu take.

Idan baƙaƙe biyu ne, a ƙa'ida raba su ake yi, ɗaya ya rufe gaɓar baya, ɗaya ya buɗe ta gaba: CAR-ta (wasiƙa), CAM-po (fili), Bar-ce-LO-na. Wannan ma mun saba da shi a kalmomi irin su "kar-fe" da "gan-ga".

Inda aka rabu da Hausa shi ne a rukunin baƙaƙen da ba sa rabuwa. Duk lokacin da p, b, f, c, g suka zo kafin l ko r, ko kuma t da d suka zo kafin r, biyun suna tafiya tare zuwa gaɓar gaba: LI-bro (littafi), ha-BLAR (yin magana), MA-dre (uwa), O-tro (wani), re-GRE-so (komowa), Á-fri-ca. Gaɓar Hausa kuwa iri uku ce kamar yadda aka koya mana a aji: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba mu da gaɓar da ke farawa da baƙaƙe biyu. Saboda haka bakinmu da kansa yake cusa wasali a tsakani, kamar yadda ya yi wa "burodi" da "fulawa" da "direba" lokacin da muka aro su. A Hausa wannan daidai ne, ba laifi ba ne ka ce "Madirid" kana hira da abokai. Amma a Sifaniyanci Ma-DRID gaɓa biyu ce cak, kuma wanda ya mayar da libro "libiro" ya ƙara gaɓa, ya rikita ƙidayar da dokar danni ke jira. A ganina wannan ita ce babbar matsalar Bahaushe a wannan darasi, ta fi haddar dokoki wahala nesa ba kusa ba. Maganinta shi ne ka ɗauki kalmomi kaɗan, tres, plato, grande, blanco, pobre, ka riƙa furta su kana tafa hannu sau ɗaya ga kowace gaɓa. In ka ji hannunka ya tafa uku a plato, to wasali ya kutso.

Haɗin tl yana da fuska biyu. A mafi yawan Sifaniya ana raba shi, at-LE-ta, At-LÉ-ti-co. A Meziko da sassa da dama na Latin Amurka ana haɗa shi, a-TLE-ta. Mutanen Meziko ma suna da sunayen da ke farawa da shi, irin su Tlaxcala, waɗanda suka gada daga harshen Nahuatl. Duka biyun karɓaɓɓu ne.

Harafin s kuwa ba ya taɓa fara gaɓa in wani baƙi na biye da shi. Baya yake komawa: ES-te (wannan), PAS-ta, Es-PA-ña. Wannan ne dalilin da ya sa suke sa e a gaban kalmomi irin su escuela (makaranta) da estadio (filin wasa). Su ma suna da tasu cusa wasalin ke nan, sai dai a gaba suke sa shi.

Da ka riƙe waɗannan biyun, baƙaƙe uku ko huɗu ba za su ba ka tsoro ba. Ka duba biyun ƙarshe: in suna cikin rukunin da ba ya rabuwa, su tafi gaba, sauran su tsaya baya, kamar HOM-bre (namiji), SIEM-pre (kullum), en-TRAR (shiga), in-GLÉS. In ba sa ciki, na ƙarshe kaɗai ke tafiya gaba: ins-TAN-te, trans-POR-te, pers-pec-TI-va. Masu huɗu ana raba su biyu-biyu: ins-truc-CIÓN, MONS-truo, abs-TRAC-to. Akwai 'yan kalmomi masu ɗafa-goshi da ke bijire wa tsarin, kamar sub-ra-YAR (ja layi a ƙarƙashi), inda b da r ba sa haɗuwa domin sub- tana tsaye da ƙafarta, amma ba su da yawa.

Mataki na uku: idan wasula suka yi maƙwabtaka

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, domin nan ne ƙidaya ta fi karkacewa.

Ana kasa wasulan gida biyu. A, e, o su ne buɗaɗɗu, ana kuma kiransu ƙarfafa. I da u su ne rufaffu, ko raunana. Abin da ke faruwa in wasula biyu suka haɗu ya danganta da gidan da kowanne ya fito.

Ƙaƙƙarfa da rarrauna, ko wanne ya riga, suna zama gaɓa ɗaya. Wannan shi ne diptongo, tagwan wasali. Mu a Hausa "ai" da "au" muka sani, kamar a "kai" da "sau", kuma Sifaniyanci yana da su: AI-re (iska), CAU-sa (dalili). Amma ya fi yawan amfani da waɗanda rarraunan ke fara zuwa: TIE-rra (ƙasa), BUE-no (mai kyau), A-gua (ruwa), GRA-cias (na gode), Va-LEN-cia, I-NIES-ta. Dabarar da za ta taimake ka ita ce ka ji wannan i ɗin kamar "y", u ɗin kuma kamar "w". Bueno "bweno" ce, kamar yadda muke cewa "kwano" ba "kuwano" ba. Tierra "tyerra" ce, kamar yadda "kyau" take gaɓa ɗaya.

Raunana biyu daban-daban su ma gaɓa ɗaya ce: ciu-DAD (birni), RUI-do (ƙara), cui-DA-do (hattara).

Ƙarfafa biyu kuwa ba sa zama a gaɓa ɗaya, kowanne da tasa. Wannan shi ne hiato: le-ER (karatu), po-E-ta (mawaƙi), te-A-tro, Bil-BA-o. Kalmar Real ma tana nan, Re-AL, gaɓa biyu. Aéreo gajeriya ce a ido amma gaɓa huɗu gare ta: a-É-re-o.

Sai abu na huɗu, wanda ya fi muhimmanci. Idan danni ya faɗa a kan rarraunan wasali alhali yana maƙwabtaka da ƙaƙƙarfa, to ya daina zama rarrauna, tagwaitakar ta watse, gaɓa ta zama biyu, kuma dole ne a ɗora masa tilde ko me sauran dokoki suka ce: DÍ-a (rana), pa-ÍS (ƙasa), Ma-RÍ-a, Gar-CÍ-a, Ra-ÚL, o-ÍR (ji). Kwatanta far-MA-cia (kantin magani), mai gaɓa uku, da po-li-CÍ-a ('yan sanda), mai huɗu. Dukansu sun ƙare da haruffa iri ɗaya, ɗan karan nan ne kawai ya raba su. Haka HA-cia (wajen) da ha-CÍ-a (yana yi), haka secretaria (sakatariya, mace) da secretaría (ofishin sakatare). Kuma h da ke tsakani ba ya hana komai: BÚ-ho (mujiya) da pro-HÍ-be (ya hana) suna ɗauke da tilde kamar babu h ɗin.

Wasula uku ma suna iya zama gaɓa ɗaya in ƙaƙƙarfa na tsakiya, raunana na gefe: buey (takarkari), Pa-ra-GUAY, U-ru-GUAY. Ba su da yawa, ba sai mun daɗe a kansu ba.

Mataki na huɗu: dubi harafin ƙarshe

Yanzu ka iya ƙidaya. Ga dokar.

In kalma tana da tilde, a nan dannin yake, magana ta ƙare. In ba ta da shi, dubi harafinta na ƙarshe. Idan wasali ne, ko n, ko s, danni yana kan gaɓa ta biyu daga ƙarshe: CA-sa, JO-ven (matashi), LU-nes (Litinin), RA-mos, Ca-SI-llas, Se-VI-lla. Idan kowane baƙi ne ban da n da s, danni yana kan gaɓar ƙarshe: co-MER (ci), pa-PEL (takarda), re-LOJ (agogo), fe-LIZ (mai farin ciki), Va-lla-do-LID. Harafin y na ƙarshe a matsayin baƙi ake lissafa shi a nan, shi ya sa es-TOY da U-ru-GUAY ba sa buƙatar tilde.

Tilde kamar tutar mataimakin alƙalin wasa yake: ba a ɗaga ta sai an ƙetare layi. Duk kalmar da danninta ya zauna inda harafin ƙarshe ya ce, ba a sa mata komai, in ban da tilden nan na raba wasula da muka gani a día, da na bambanta wasu tagwayen kalmomi da za mu gani nan gaba. Wadda ta kauce ita ake yi wa alama. Da wannan fahimta ba sai ka haddace jerin dokokin da littattafai ke jerowa ba, amma yana da kyau ka san sunayen da malamai ke amfani da su, domin za ka ci karo da su a kowane aji da kuma shirin DELE, jarrabawar ƙwarewa a Sifaniyanci da cibiyar Instituto Cervantes ke gudanarwa.

Kalmar da danninta ke ƙarshe aguda ce. Tana ɗaukar tilde in ta ƙare da wasali, n ko s: café, Perú, Panamá, canción (waƙa), después (bayan haka), ojalá (Allah ya sa). Bernabéu ma a nan take: gaɓoɓinta uku, Ber-na-BÉU, ta ƙare da wasali, da ba don tilde ba da sai a karanta ta Ber-NA-beu.

Wadda danninta ke kan gaɓa ta biyu daga ƙarshe llana ce, wasu su ce grave, kuma su suka fi yawa a harshen. Tana ɗaukar tilde in ta ƙare da baƙin da ba n ko s ba: árbol (bishiya), fácil (mai sauƙi), azúcar (sukari), lápiz (fensir), Cádiz. Ga sirrin sunayen nan masu ƙarewa da -ez: González, Pérez, Sánchez, López, Rodríguez duk sun ƙare da z, doka ta so a danna ƙarshensu, su kuwa a baya ake danna su, don haka tilde ya wajaba. Or-TIZ da Mu-ÑOZ a ƙarshe ake danna su, sun bi doka, ba su da alama.

Wadda danninta ke kan gaɓa ta uku daga ƙarshe esdrújula ce, kuma sunan da kansa misali ne. Waɗannan kullum da tilde suke, babu togiya: música, sábado (Asabar), teléfono, México, Málaga, Córdoba, América. Mai danni a gaɓa ta huɗu sobresdrújula ce, ita ma kullum da tilde, za mu ga inda take fitowa nan gaba.

Sunayen ƙasashenmu sun isa su gwada maka dokar gaba ɗaya. Nigeria ba ta da tilde, domin -ia tagwan wasali ne, gaɓoɓinta uku, Ni-GE-ria, ta ƙare da wasali. Níger tana da shi domin ta ƙare da r amma a farko ake danna ta. Camerún da Sudán sun ƙare da n amma a ƙarshe ake danna su. Ghana ta bi doka, Chad kuma gaɓa ɗaya ce.

Me ya sa aka ware n da s daga sauran baƙaƙe? Domin da su ake gina jam'i da siffofin aikatau. Casa ta zama casas, habla (yana magana) ta zama hablas (kana magana) da hablan (suna magana), danni bai motsa ba. Da an lissafa n da s tare da sauran baƙaƙe, da kusan kowane jam'i sai an sa masa tilde. Tsarin an gina shi ne don a rage yawan alamu. Wata 'yar togiya: in wani baƙi ya riga s ɗin ƙarshe, doka tana juyewa, shi ya sa ake rubuta bíceps da tilde, robots kuma babu.

In gaɓar da za ta ɗauki tilde tagwan wasali ce, a kan ƙaƙƙarfan ake ɗora shi: tam-BIÉN (har ila yau), a-DIÓS, HUÉS-ped (baƙo). In raunana biyu ne, a kan na biyu: CUÍ-da-te (kula da kanka). Kuma ui ba ta ɗaukar tilden nan na raba gaɓa, don haka construido da incluido haka nan ake rubuta su, ko da yake mutane da yawa, har da masu harshen, suna sa musu.

Mataki na biyar: idan kalma ta ƙaru ko ta canza

Danni ba ya yawan barin gaɓarsa, amma matsayin gaɓar a ƙidaya yana canzawa, sai tilde ya bayyana ko ya ɓace. Examen (jarrabawa) llana ce mai ƙarewa da n, ba alama. A jam'i an ƙara gaɓa, e-XÁ-me-nes, ta koma esdrújula, tilde ya fito. Haka joven da jóvenes. Akasin haka canción tana rasa nata a canciones, inglés ma a ingleses. País kuwa tana riƙe nata a países, domin aikinsa raba wasula ne. Kalmomi uku ne aka sani da matsar da danninsu a jam'i: carácter ta zama ca-rac-TE-res, régimen ta zama re-GÍ-me-nes, espécimen ta zama es-pe-CÍ-me-nes.

A aikatau ne danni ya fi yin aiki. HA-blo "ina magana", ha-BLÓ "ya yi magana". Wasu kalmomin har fuska uku gare su: TÉR-mi-no (wa'adi), ter-MI-no (ina gamawa), ter-mi-NÓ (ya gama); PÚ-bli-co (jama'a), pu-BLI-co (ina wallafawa), pu-bli-CÓ (ya wallafa). Wanda ya yi sakaci a nan zai iya jingina wa wani aikin da shi ne ya yi.

Idan aka manna wakilan suna a bayan aikatau, sai a sake ƙidaya kamar sabuwar kalma: da (ba da), DA-me (ba ni), DÁ-me-lo (ba ni shi). DI-ga ta zama DÍ-ga-me-lo (gaya mini shi), ga sobresdrújula ɗin da muka ambata. Le-VAN-ta ta zama le-VÁN-ta-te (tashi).

Bayanau masu ƙarewa da -mente su kaɗai ke da danni biyu, ɗaya a sifar da aka gina su a kanta, ɗaya a MEN. A rubutu kuwa abin da sifar take da shi take riƙewa: fácil ta ba da fácilmente, lenta ta ba da lentamente. A harɗaɗɗun kalmomi da aka rubuta a haɗe, ta farko tana rasa danninta da tildenta: balón da cesto sun ba da baloncesto (ƙwallon kwando).

Mataki na shida: kalmomi masu gaɓa ɗaya

Ba a sa musu tilde, domin babu wata gaɓar da za a rikita da ita: sol, pan, fe, fue, fui, vio, dio, ti. Sai dai akwai 'yan tagwaye da ake bambantawa da shi, kuma wadda ake dannawa a cikin jimla ita ke ɗauka: tú (kai) da tu (naka), él (shi) da el (harafin da ke gabatar suna namiji), mí (ni) da mi (nawa), sí (e) da si (idan), sé (na sani) da se, dé (ya bayar) da de (na, daga), té (shayi) da te (ka, maka), más (ƙari) da mas (amma). Kalmomin tambaya ma haka: qué, quién, cuál, cómo, dónde, cuándo, cuánto suna da tilde in tambaya ake yi ko mamaki, ko da ba a sa alamar tambaya ba. ¿Por qué? "don me" ce, porque kuma "domin".

Hukumar da ke tsara waɗannan ƙa'idoji ita ce Real Academia Española, wadda aka kafa a Madrid a 1713, tare da takwarorinta na sauran ƙasashen da ke magana da harshen, ciki har da ta Equatorial Gini a nan Afirka. A ƙa'idojin rubutun da suka fitar a 2010 sun cire tilde daga kalmomi irin su guion da truhan, da kuma rio (ya yi dariya), suka ce a rubutu gaɓa ɗaya ake lissafa su, ko da wasu na furta su da biyu. Sun kuma ba da shawarar daina sa shi a solo da este, ese, aquel. Batun solo ya jawo cece-ku-ce mai tsawo a tsakanin marubuta, har a 2023 hukumar ta fayyace cewa mai rubutu zai iya sa shi in yana ganin jimlar za ta rikita. Ga mai koyo, barin sa ya fi sauƙi, kuma ba wanda zai ce ka yi kuskure. In ka ga sólo ko guión a tsohon littafi, ka san tsohuwar ƙa'ida ce. Manyan haruffa kuma suna ɗaukar tilde kamar ƙanana: África, Ángel, PERÚ.

Mataki na bakwai: daga takarda zuwa baki

Danna gaɓa yana nufin ka ɗan ɗaga murya, ka ɗan ƙara mata ƙarfi da tsawo, kaɗan kawai. Bahaushe yakan ja wasalin sosai kamar dogon wasalinmu, ya ce "kaasa" maimakon casa. Za a gane ka, amma ka rage jan. Wanda kuma ya fara koyon Turancin Ingilishi ya kula kada ya haɗiye wasulan da ba a danna ba. A teléfono kowane e da kowane o a fili ake jin su. Wanda ya zo daga Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar, nasa tarkon daban ne: ya saba danna ƙarshen kalma, kuma ya saba é tana nuna irin sautin wasali. A Sifaniyanci é da e sauti ɗaya ne, danni kawai ya bambanta su.

A cikin jimla ba kowace kalma ake dannawa ba. El, la, los, de, en, con, mi, tu, me, te, se da ire-irensu jingina suke da maƙwabciyarsu. Kuma gaɓoɓi ba sa tsayawa a iyakar kalma: baƙin ƙarshe yana tsallakawa ya kama wasalin da ke gaba, los amigos ta zama lo-sa-MI-gos, el agua ta zama e-LA-gua, wasula biyu kuma su narke, mi amigo ta zama mia-MI-go. Wannan ne ke sa sabon mai koyo ya ji kamar masu sharhin wasa ba sa numfashi. In ka fara sauraro kana neman gaɓoɓin da aka danna maimakon farkon kalmomi, za ka ga zancen ya fara warwarewa.

Akwai kalmomin da ƙasashe suka saɓa a kansu, kuma duka an yarda da su: a Sifaniya FÚT-bol, a Meziko fut-BOL, a Sifaniya VÍ-de-o da CHÓ-fer, a Latin Amurka galibi vi-DE-o da cho-FER. A Ajantina da Uruguay kuma za ka ji ha-BLÁS da te-NÉS maimakon hablas da tienes, saboda suna amfani da vos a madadin tú. Kowanne yana rubuta abin da yake furtawa, bisa doka ɗaya.

Gwada da kanka

Ɗauki murciélago (jemage). R da c ba sa cikin rukunin da ba ya rabuwa, sai a yanka: mur. I da e tagwaye ne, tilde na kan ƙaƙƙarfan, don haka bai raba su ba: cié. Saura la da go. Mur-CIÉ-la-go, gaɓa huɗu, danni a ta uku daga ƙarshe. Ɗauki ferrocarril (layin dogo): rr ba ya rabuwa, ta ƙare da l, ba tilde, fe-rro-ca-RRIL. Ɗauki Guadalajara: ua gaɓa ɗaya, ta ƙare da wasali, Gua-da-la-JA-ra. Yanzu ka yi wa waɗannan da kanka, ka rubuta rabon kafin ka furta: construcción, miércoles, Zaragoza, reír, héroe, continúo, ciempiés.

Sannan ka juya aikin. Ka sa wani ya karanta maka, ko ka saurari labarai, ka rubuta abin da ka ji, ka tambayi kanka abu uku a kan kowace kalma: wace gaɓa aka danna, da wane harafi ta ƙare, akwai i ko u da aka danna kusa da a, e ko o? Daga nan ka duba ƙamus na Real Academia, wanda ke kan intanet kyauta, ka ga ko kun dace. A waya, in ka danna wasali ka riƙe, mai tilde zai fito a cikin zaɓi. Ka zaɓi wanda karansa ya karkata zuwa dama, á, domin mai karkata hagu, à, ba na Sifaniyanci ba ne. A kwamfuta mai Windows, riƙe Alt ka buga 160 a maɓallan lambobi na gefen dama yana ba da á, 130 é, 161 í, 162 ó, 163 ú, 164 kuma ñ.